Allon Nuni a Cikin Kumbo: Halittar Ɗan Adam da Halin Sararin Samaniya

Gabatarwa

Ran 20 ga watan Yuli, 1969, sa'ad da ƙaramin kumbon Apollo 11 ya ke gangarawa zuwa bisa wata, sai fitilar gargaɗi ta kama. Da Edwin Aldrin ya tambayi kwamfutar kumbon dalili, sai ta nuna masa lamba 1202, ba ta ƙara kome ba. Shi da Neil Armstrong ƙwararrun matuƙa ne, amma a cikinsu babu wanda ya san abin da lambar nan ta ke nufi. Ga mai yana raguwa, ga wata yana matsowa, dole kuwa a yanke shawara, ko a ci gaba da sauka ko a fasa. Sai da suka tambayi ma'aikatan da ke ƙasa a birnin Hustan, aka ce musu su ci gaba. Gargaɗin ya zo har sau biyar, huɗu da lamba 1202, ɗaya da 1201. Ma'anarsa kuwa ita ce, aiki ya yi wa kwamfutar yawa, ta zubar da ƙananan ayyuka ta riƙe na tuƙi. Watau dai babu abin da zai hana sauka, amma allon bai iya faɗin haka ba.

Wannan labari ya ƙunshi dukan abin da takardar nan za ta bayyana. Na'ura tana iya sanin gaskiya sarai, amma in ba ta isar da ita ga mutum ta hanyar da zai gani, ya gane, ya yi aiki da ita kafin lokaci ya ƙure ba, to saninta bai yi amfani ba. Masu tsara allon kumbo suna fama da abu biyu: halittar ɗan Adam, da halin wurin da aka kai shi, wanda ba a halicce shi dominsa ba.

1. Abin da a ke nufi da allon nuni

A nan, allon nuni yana nufin duk wata hanya da kumbo ke sanar da mutanen cikinsa halin da ya ke ciki. Ya haɗa da agogunan awo masu allura, da fitilun gargaɗi, da ƙararrawa, da allon gilashi irin na talabijin, har ma da taga, gama ita ma abin karantawa ce. A tagar ƙaramin kumbon Apollo an zana ma'auni a kan gilashin ciki da na waje. Kwamfuta ta ba da lamba, matuƙi ya daidaita zanen biyu da idonsa ya duba ta kan lambar, sai ya ga daidai inda kumbon zai dira.

Tambayoyi uku ne allon ya wajaba ya amsa. Ta fari, ina kumbon ya ke, ina kuma ya fuskanta? Ta biyu, yaya lafiyar kayan cikinsa, watau iska da wutar lantarki da mai da zafi? Ta uku, mene ne ya kamata a yi yanzu? Ta ukun nan ita ce mafi wuya, ita ce kuma lamba 1202 ta kasa amsawa.

2. Asalin wannan ilmi

Ba a cikin kumbo aka fara wannan bincike ba, a cikin jiragen sama ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an lura matuƙan jirgin yaƙin Amurka mai suna B-17 su kan naɗe ƙafafun jirgin bayan sun sauka, jirgin ya kife da cikinsa a kan fili. A kan rubuta cewa kuskuren matuƙi ne. Da wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya duba, sai ya tarar makunnin ƙafafu da na ɓallin fiffike iri ɗaya ne, suna kuma dab da juna. Mutumin da ya dawo a gajiye, hannunsa ba ya rarrabe su. Aka sa wa ɗaya ƴar ƙafar roba mai kama da taya, ɗayan aka yi masa siffar fiffike, sai irin wannan hatsari ya kau.

A 1947 Paul Fitts da Richard Jones suka tattara labaran kurakurai 460 da matuƙa suka yi wajen taɓa makunnai, da 270 wajen karanta agogunan awo. Suka nuna cewa da yawa daga cikinsu tsarin kayan ne ya jawo su. Misali mafi shahara shi ne ma'aunin bisa mai allura uku, wanda a ke karantawa kamar agogon bango: ido ya kan ɗauki wannan allura a madadin waccan, mutum ya zaci yana can sama alhali ya kusa ƙasa. Daga nan aka sami ƙa'idar da har yau a ke bi: in ƙwararrun mutane da yawa suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a bincika wurin kafin a zargi mutanen.

3. Abin da tafiya ke yi wa jiki

Matuƙin jirgin sama yana zaune a miƙe, nauyinsa kusan yadda ya saba. Ɗan sama jannati kuwa, a tafiya guda jikinsa ya kan shiga hali uku dabam dabam, kowane hali da irin allon da ya dace da shi.

Hali na fari shi ne na matsi, lokacin tashi da lokacin komowa. Sa'ad da roka ke ƙara sauri, ko iskar duniya ke tare kumbo, jiki ya kan ji nauyinsa ya ninka. A jirgin jigila na Amurka, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, an tsare matsin kada ya wuce ninki uku. Alan Shepard kuwa, a tafiyarsa ta 5 ga Mayu, 1961, ya ɗanɗana fiye da ninki 11 wajen komowa. A irin wannan hali hannu ya kan yi nauyi har ɗaga shi ya zama aiki, juya kai ya yi wuya, gani kuma ya kan ƙuntata daga gefe. Saboda haka duk abin da a ke bukata a lokacin dole a ajiye shi tsakiyar gani, makunninsa kuma kusa da yatsu. A kumbon Soyuz na Rasha, da ya ke kwamanda yana ɗaure a kwance cikin kujerarsa, a kan ba shi ɗan sanda ya riƙa danna maɓallan da hannunsa ba ya kaiwa.

Tare da matsi akwai girgiza. Shepard ya ba da labari cewa jim kaɗan bayan tashi kansa ya yi ta karkarwa har agogunan suka dushe masa. Bayan shekaru da yawa, sa'ad da hukumar NASA ta ke shirin wata roka mai suna Ares I, wadda aka soke a 2010, an yi lissafi za ta riƙa girgiza mutane kimanin sau 12 a daƙiƙa. Aka gwada a cibiyar bincike ta Ames, aka ga ƙananan haruffa ba su karantuwa. Magani ɗaya shi ne a ƙara girman haruffa, amma fa in an yi haka sai abin da allo zai ɗauka ya ragu. Masu binciken suka samo wata dabara: suka sa hasken allon ya riƙa ƙyaftawa daidai da bugun girgizar, yadda ido ba ya ganin rubutu sai a lokacin da kai ya komo wuri ɗaya. Sai rubutun ya zama kamar a tsaye ya ke.

Hali na biyu shi ne na rashin nauyi. A cikin kunnen mutum akwai gaɓar da ke sanar da shi sama da ƙasa, tana dogara ga jan da duniya ke yi wa kome. In kumbo ya shiga kewaya duniya, sai gaɓar nan ta riƙa ba da labarin da ya saɓa wa na ido. Sakamakonsa jiri da tashin zuciya. Gherman Titov ne ya fara gamuwa da wannan a watan Agusta, 1961, tun daga nan kuwa ya kan kama mutane da yawa a kwanakin farko na tafiya. Motsa kai ya kan tsananta shi. Don haka allon da zai sa mutum ya yi ta waiwaye a kwanakin nan cuta ya ke ƙara masa.

Sa'an nan kalmomin sama da ƙasa kansu ba su da ma'ana a can, sai wadda magini ya ba su. A tashar Skylab, wadda aka zauna cikinta a 1973 da 1974, akwai wani ɗaki da aka jera kayan aiki ko'ina a kewayensa ba tare da an ware bene da rufi ba, mazauna tashar kuwa suka yi kuka da shi. Rashawa su kan shafa wa bene da rufi fenti dabam dabam. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane ke zaune cikinta tun watan Nuwamba, 2000, fitilu suna gefe ɗaya, rubuce-rubucen kowane ɗaki kuma sun fuskanci waje ɗaya. A Skylab ne kuma aka tabbatar cewa jikin da ba shi da nauyi ya kan ɗan tanƙware da kansa, kafaɗu su ɗaga, duban ido ya sunkuya ƙasa. Allon da aka auna tsayinsa da mutum mai zama a kujera a duniya, a can zai zama ya yi bisa da yawa.

Ido ma ya kan sāke. Da ya ke babu abin da ke jan ruwan jiki zuwa ƙafafu, sai ya taru wajen kai. A wasu waɗanda suka daɗe a sama an ga bayan ƙwayar ido ya ɗan baje, tushen jijiyar gani ya kumbura, karatun kusa ya yi musu wuya. Shi ya sa a kan tafi da tabarau na ajiya. Mai tsara allo ba zai dogara ga idon da aka gwada ran tashi ba, sai ya yi tanadi domin idon da zai kasance bayan wata shida.

Hali na uku shi ne na sanye da rigar matsi. Safar hannunta mai kauri ce, in ta cika da iska kuwa yatsu ba su lanƙwasa da sauƙi, ba su kuma jin abin da suka taɓa sosai. Kwalkwali yana rage gani. Mutum ya ƙara faɗi fiye da yadda ya saba, har ya kan buge abu bai sani ba. A Apollo 11 haka ta faru: an karya kan wani makunni da a ke bukata kafin a tayar da injin barin wata, sai da Aldrin ya cusa bakin alƙalami ya danna shi. Domin irin wannan ne a ke kafa ƴan ƙarafa a gefen makunnai, masu hatsari kuma a rufe su da murfi.

4. Halin wurin

Kumbon da ke kewaya duniya a bisan kilomita 400 ya kan gama zagaye cikin kimanin minti 90, watau rana ta fito masa ta faɗi kusan sau 16 a kwana guda. Ranar can kuwa babu iska ko ƙura da za su tace ta. In ta faɗo ta taga a kan allo sai ta shafe rubutu. Bayan ɗan lokaci kuma a shiga inuwar duniya, inda allo mai haske da yawa zai hana ido ganin taurari ko wani kumbon da a ke nema. Ido kuwa ya kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai. Dole ne ke nan allon ya iya yin haske ƙwarai, ya kuma iya dushewa ƙwarai, launukansa su kasance a rarrabe a kowane hali. Ba a kuma dogara ga launi shi kaɗai, sai a haɗa shi da siffa ko rubutu ko wurin da alama ta ke, don in launi ya ɓace ma'ana ta tsaya.

Zafi ma matsala ne. A duniya iska mai zafi ta kan tashi sama, mai sanyi ta maye wurinta, ta haka fitila da rediyo ke huce kansu. Inda babu nauyi wannan ba ya faruwa. Zafi ya kan taru ya lulluɓe na'ura. Sai an sa fanka ko bututun ruwa. Fanka kuwa tana da ƙara, ƙarar kuma tana iya danne ƙararrawa ko maganar abokin aiki.

Akwai kuma ƙwayoyin haskoki masu ratsa jiki, waɗanda ke zuwa daga rana da can nesa. Aldrin ya ba da labarin ganin walƙiya a idonsa cikin duhu, bincike ya nuna su ne ke ratsa ido. In ɗaya ta bugi ƙwaƙwalwar kwamfuta tana iya juya lamba guda, ko ta tsai da na'urar. Abin ya fi yawa a wani yanki bisa kudancin tekun Atlantika. Lambar ƙarya da ta fito a tsabtace a kan allo ta fi allon da ya mutu hatsari, gama mutum zai gaskata ta. Saboda haka a kan sa kwamfutoci da yawa su yi lissafi ɗaya su gwada amsarsu, a kuma tsara allo yadda in labari ya tsufa ko ya yanke zai nuna haka a fili.

Ko ɗan tarkace ma ba ya faɗuwa ya kwanta. A watan Fabrairu, 1971, kafin Apollo 14 ya sauka a wata, kwamfuta ta riƙa samun alamar cewa an danna maɓallin fasa sauka, alhali ba wanda ya taɓa shi. Da Edgar Mitchell ya ƙwanƙwasa allon sai alamar ta ɓace, can kuma ta dawo. Aka gane wani ɗan guntun ƙarfe ne ke yawo cikin maɓallin. Sai da Don Eyles, ɗaya daga cikin marubutan umarnin kwamfutar, ya shirya hanyar da za ta yi watsi da alamar. Bugu da ƙari, tun gobarar Apollo 1 ta 27 ga Janairu, 1967, wadda ta kashe mutum uku a cikin kumbo cike da zallar oksijin, duk abin da za a yi allo da shi sai an gwada kamawar wutarsa da irin tururin da ya ke fitarwa, gama iskar kumbo ba ta da mafita.

5. Hankali da gargaɗi

Iyakar hankalin mutum ta fi iyakar idonsa ƙunci. Ran 14 ga Nuwamba, 1969, tsawa ta faɗa wa rokar Apollo 12 sau biyu cikin minti na fari na tashi. Fitilun gargaɗi suka kama kusan gaba ɗaya. Kowace fitila gaskiya ta faɗa, amma taronsu bai gaya wa Pete Conrad da abokansa mene ne tushen abin ba. Wani injiniya a ƙasa, John Aaron, shi ya gane tsarin lalacewar lambobin, ya ce a juya wani ƙaramin makunni mai suna SCE. Alan Bean ya tuna inda ya ke, labari ya komo daidai. Darasin shi ne, in kome ya yi kuka a lokaci guda, kamar babu abin da ya yi magana ne.

A Apollo 13, cikin Afrilu, 1970, aka ga ɗaya gefen matsalar. Fitila guda ce ke gargaɗi a kan matsin tankunan haidirojin da na oksijin. Ta riga ta kama saboda matsin haidirojin ya ɗan ragu, abin da ba shi da hatsari. Da matsin tankin oksijin na biyu ya fara hauhawa kafin ya fashe, fitilar ba ta da sauran hanyar faɗin sabon labari. Ƙaramin gargaɗi ya rufe babba.

Daga irin waɗannan aka koyi jera gargaɗi daki daki. A tashar ƙasa da ƙasa, abu uku ne ke da matsayin gaggawa: gobara, da zubewar iska, da guba cikin iska. Ƙarƙashinsu akwai gargaɗi mai jan launi, sa'an nan jan kunne mai launin rawaya, kowane da sautinsa. Duk da haka gargaɗin ƙarya bai ƙare ba. Ran 14 ga Janairu, 2015, alama ta nuna kamar iskar amoniya ta shigo, mutanen suka sa abin rufe fuska suka koma sashen Rasha suka rufe ƙofa, daga baya aka gano na'ura ce ta yi kuskure. Sun yi daidai da suka gudu. Amma mai tsarawa ya san cewa ƙararrawar da ta cika ƙarya, wata rana za a ƙi kula ta.

Rashin labari kuwa ya kan yi ɓarna kamar yawansa. Ran 25 ga Yuni, 1997, Vasily Tsibliyev yana cikin tashar Mir yana tuƙa jirgin kaya mai suna Progress daga nesa, don ya haɗa shi da tashar. An kashe na'urar rada mai auna nisa da sauri, abin da ya rage masa sai hoton talabijin daga kyamarar jirgin kayan, a ciki kuwa tashar ta saje da gizagizan duniya. Ido ba mudu ba ne. Ko da ya san kima, ba ya iya auna saurin abin da ke tahowa kai tsaye sai ya kusa. Jirgin ya bugi ɗakin Spektr ya huda shi, da ƙyar aka rufe ƙofarsa kafin iskar tashar ta ƙare.

Amfanin kyakkyawan ma'auni kuma ya bayyana a Gemini 8, ran 16 ga Maris, 1966. Suna cikin duhu, jikinsu bai ji kome ba, sai David Scott ya lura ƙwallon da ke nuna karkatar kumbo ya nuna sun kishingiɗa. Wani ƙaramin inji ne ya maƙale a kunne. Juyin ya ƙaru har ya kusa zagaye ɗaya a daƙiƙa, ganinsu ya fara dushewa, amma Armstrong ya kai hannu ga makunnan da ya san wurinsu, ya tsai da shi.

6. Harshen allo

Allo magana ya ke yi, yana kuwa da nahawunsa. Kwamfutar Apollo, wadda aka tsara a jami'ar MIT, ana yi mata magana ta wani akwati mai maɓallai 19 da layuka uku na lambobi masu koren haske. Kowane umarni aikatau ne da suna, kowane da lamba biyu. Aikatau 06 yana nufin nuna, 16 yana nufin ci gaba da nunawa, 37 kuma sauya shiri. Suna kuwa shi ne abin da a ke so a nuna. Harshe ne mai tsari, mai sauƙin koyo, amma amsarsa ba ta da ɗigon goma, ba ta kuma faɗin ko ƙafa a ke aunawa ko daƙiƙa. Duk wannan yana cikin kan mai karatu. Na'urar ta yi tsimin wurinta, ta ɗora kayan a kan ƙwaƙwalwar mutum.

Rashawa sun bi wata hanya. Tun kumbon Yuri Gagarin na 12 ga Afrilu, 1961, akwai ƴar ƙwallon duniya mai suna Globus, wadda haƙoran ƙarfe ke juyawa a ƙarƙashin alama, ta nuna inda kumbo ya ke. Kallo ɗaya ya isa a gane ta. Sai dai ba ta auna kome. An saita ta ne tana tafiya bisa lissafi, kamar agogo. An yi amfani da irinta a Soyuz har 2002. Lamba tana da daidaito amma sai an fassara ta, hoto kuwa yana shiga kai nan da nan amma yana iya sa a amince da shi fiye da kima. Kyakkyawan allo ya kan haɗa su.

7. Daga makunnai zuwa gilashi

Jirgin jigila ya tashi a 1981 da makunnai da ma'aunai fiye da 2,000, da alluna masu koren rubutu. A watan Mayu, 2000, jirgin Atlantis ya fara tashi da alluna 11 masu launi. Ran 30 ga Mayu, 2020, Doug Hurley da Bob Behnken suka tashi cikin kumbon Dragon na kamfanin SpaceX, gabansu alluna uku ne da a ke taɓawa da yatsa, aka kuma yi musu safar hannu wadda allon ke ji.

Ribar wannan a fili ta ke: nauyi ya ragu, ana iya gyara tsari ba tare da sake waya ba, allon kuma yana nuna abin da ya dace da kowane mataki kaɗai. Amma akwai hasara. Makunnin ƙarfe yana wurinsa kullum, hannu ya san shi ko cikin hayaƙi, matsayinsa kuma shi kansa labari ne. Abin da ke shafi na uku a cikin gilashi kuwa sai an neme shi. Shi ya sa a Dragon aka bar maɓallai na ainihi a ƙarƙashin allunan domin ayyukan gaggawa, da mariƙin da a ke ja a murɗa don tserewa daga roka. Kumbon Orion na NASA shi ma alluna uku gare shi, amma ba na taɓawa ba ne. Maɓallai ne a gefensu, da wata ƴar na'ura kusa da hannu wadda a ke zaɓe da ita in matsi ya hana miƙa hannu.

Kammalawa

A duk labaran nan akwai allo na biyu, wanda ke ƙasa. Tun zamanin shirin Mercury Amurka ta kafa tashoshi 18 kewaye da duniya don karɓar labarin kumbo, ɗaya daga cikinsu kuwa a Kano ta ke. A tafiyar John Glenn ta 20 ga Fabrairu, 1962, a allon ƙasa ne aka ga alamar cewa garkuwar zafin kumbonsa ta kwance, aka sauya tsarin komowarsa saboda ita, daga baya aka tarar makunni ne ya lalace. A Apollo 11 da 12 da 14 kuwa mutanen ƙasa ne suka cike abin da allon kumbo ya gaza faɗi, amsarsu tana isa cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Wannan gata ba zai bi mutum ko'ina ba. Tsakanin duniya da tauraron Mirrihi saƙon rediyo ya kan ɗauki daga minti 3 zuwa 22 a zuwa kaɗai. Wanda fitila ta kama masa sa'ad da ya ke sauka can, kafin amsar tambayarsa ta dawo daga duniya ya riga ya sauka ko ya halaka. Allon da zai tafi da shi dole ne ya faɗi abin da ya lalace, da abin da ya jawo shi, da yawan lokacin da ya rage, da abin da ya kamata a yi, ya kuma faɗe su ga mutumin da ya yi watanni ba nauyi, idonsa ya sāke, ya kuma gaji. Aikin da ɗaki cike da injiniyoyi ya yi wa Armstrong a 1969, shi ne a ke nema allo ya koyi yi shi kaɗai.